Kyamarar aljihu ko mai sauya lensi: wacce za ka saya?

Wanda wayarsa ta fara gaza masa wajen ɗaukar hoto yakan tsaya tsakanin abu biyu. Ga ƙaramar kyamara mai shiga aljihu, wadda lensinta a manne yake, ba ya fita. Ga kuma babbar ta 'yan koyo, wadda ake kwance mata lensi a ɗaura wani. Masu sayarwa sun fi son su tura ka ga ta biyun, domin daga ita ciniki bai ƙare ba: za ka dawo neman lensi, da jaka, da sauran tarkace. A ganina tambaya ɗaya ce ke raba gardamar. Shin za ka sayi lensi na biyu? In ba za ka saya ba, to rabin dalilin ɗaukar babbar ya tafi.

Kafin a kai can, a fitar da wani rukuni daga lissafi, wato ƙananan kyamarori masu araha. Sensar da ke cikinsu, ɗan allon nan da haske ke sauka a kansa ya zama hoto, ba ta wuce milimita 6.2 da 4.6 ba. Manyan wayoyin yanzu sun kai haka, wasu ma sun zarce, ga kuma manhajar da ke haɗa hotuna da yawa cikin ƙiftawar ido ta fitar da guda mai kyau. Abin da ya karya kasuwar ke nan. Alƙaluman CIPA, ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan, sun nuna an fitar da kyamarori sama da miliyan 120 a 2010, amma a 2023 adadin bai kai miliyan 10 ba. Iri biyu ne kawai daga wannan rukuni suke da abin da waya ba ta da shi: masu janyo nesa sosai, kamar jerin Panasonic Lumix TZ mai janyowa har ninki 30, da masu jure wahala kamar OM System Tough TG-7, wadda ke nutsewa mita 15 cikin ruwa. In ba ɗayan waɗannan kake nema ba, riƙe kuɗinka.

Kyamarar aljihu da ta cancanci a kwatanta ta da babba ita ce mai sensar da ake kira ta inci ɗaya. Sunan yaudara ne, domin girmanta milimita 13.2 ne da 8.8. Sony ce ta buɗe wannan hanya da RX100 a 2012, Canon ta biyo baya da jerin PowerShot G7 X. A ɗaya ɓangaren, yawancin kyamarorin 'yan koyo irin su Canon EOS R50, Nikon Z50 da Sony a6100 suna ɗauke da sensar APS-C, kusan milimita 23.5 da 15.6, ta Canon ta ɗan gaza haka. Faɗin filinta ya ninka na inci ɗaya kusan sau uku. Babbar sensa tana tara haske da yawa, shi ya sa hoton dare ko na cikin ɗaki ke fitowa ba ɗige-ɗige, kuma bayan mutum ke dishewa ya bar fuskarsa fes.

A nan yawancin masu ba da shawara ke tsayawa, su ce babbar ta yi nasara. Ba su gama lissafin ba, don haske sai ya ratsa lensi kafin ya kai ga sensa. Faɗin ƙofar lensi ana rubuta shi da harafin f da lamba, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lensin da ake haɗowa da EOS R50, wato RF-S 18-45, ƙofarsa f/4.5 ce in ba ka janyo ba, ta tsuke zuwa f/6.3 in ka janyo ƙarshe. Na G7 X Mark III kuwa daga f/1.8 ne zuwa f/2.8. Tsakanin f/1.8 da f/4.5 bambancin haske ya haura ninki shida. Raba wannan da ninki ukun da babbar sensa ta fi, za ka ga ƙaramar kyamara ce ma ke kan gaba a jimlar hasken da ta tara. Ma'ana, wanda ya sayi babbar kyamara ya zauna da lensin da ya zo da ita har abada, ya ɗauki nauyin da ba shi da lada. Hotonsa na dare ba lallai ya fi na mai 'yar aljihu ba.

Labarin yana juyewa ne ranar da ka ɗaura lensi na biyu. Kusan kowane kamfani yana da lensi maras janyowa na milimita 35 ko 50 (lambar da ke nuna yadda lensi ke kusanto da abu) mai ƙofar f/1.8 ko kusa da haka, kuma yana cikin mafi sauƙin kuɗi a jerinsu. Daga f/6.3 zuwa f/1.8 haske ya ninka fiye da sau 12. Da shi ne ake samun hoton fuska irin wanda ya ja hankalinka ga kyamara tun farko, kuma babu mai sensar inci ɗaya da za ta kamo shi. Haka in tsuntsaye ne ko ƙwallo, dogon lensi yana nan. In ƙwari ne da furanni, akwai na ɗaukar ƙananan abubuwa daga kusa. Jikin kyamara yana tsufa, lensi mai kyau kuwa zai wuce da kai zuwa jiki na gaba, da na gaba da shi.

Sai batun ɗauka, wanda mutane ke rainawa a ranar saye, su tuna shi bayan wata uku. G7 X Mark III da RX100 VII kowace giram 300 ce da 'yan kai. EOS R50 giram 375 ce, in ka ɗora mata lensinta ta kai rabin kilo. A sikeli ba wani abu ba ne, siffar ce matsalar. Lensin ƙaramar yana komawa ciki in an kashe ta, na babbar yana nan tsaye kamar hanci, dole sai jaka ko igiyar wuya. Daga nan kowace fita sai ka yi shawara da kanka: in ɗauka ko in bari? Yawancin ranaku bari ake yi. Akwai kuma yadda mutane ke kallon ka. Ƙaramar kyamara ba ta sa kowa gyara zama, babbar kuwa tana fitowa fuskoki ke canzawa, wasu wuraren taro ma ba sa barin a shiga da mai sauya lensi.

Kada ka ɗauka ƙanƙanta na nufin araha. Kyamarar aljihu ta kirki sau da yawa kuɗinta ya kai na babbar 'yan koyo haɗe da lensinta, wani lokaci ya wuce. Kamfanoni sun rage ƙera su, RX100 VII da G7 X Mark III duk 'yan 2019 ne, sannan masu bidiyo a shafukan sada zumunta suka yi musu caa, har wasu suka yi wuyar samu. Su kansu ba ɗaya ba ne. RX100 VII tana janyowa daga milimita 24 zuwa 200 a ma'aunin da aka saba, amma ta biya wannan da haske, ƙofarta f/2.8 ce zuwa f/4.5. Ricoh GR III ta bi wata hanya daban, ta cusa sensar APS-C a jikin da bai kai giram 260 ba, sai dai ba ta janyowa ko kaɗan, ƙafarka ce za ta matsar da kai. Masu son ta suna son ta sosai, amma ba ita zan miƙa wa wanda ke neman ɗaukar yaransa suna guje-guje daga nesa ba.

Batir kuwa, babu gwani a cikinsu. 'Yan aljihu kan ba da hoto 200 zuwa 300 a caji ɗaya bisa gwajin CIPA, sabbin masu sauya lensi na 'yan koyo irin su EOS R50, waɗanda ba su da madubi a ciki, sun ɗan ɗara. Sayi batir na biyu kawai. Tsoffin DSLR, masu sauya lensi da ke da madubi a ciki, su ne ke da abin alfahari a nan, Nikon D3500 ta 2018 tana kai hoto 1,550.

Ƙura ta fi batir muhimmanci. Duk lokacin da ka cire lensin babbar, ƙura na iya sauka kan sensa, ka ga tabo a hoton sararin sama. Amma ƙofa a buɗe take, da ɗan famfon roba na hura iska ka kore ta. Ƙaramar ba a buɗe ta, duk da haka lensinta mai shiga da fita yana iya zuƙo ƙurar aljihu, kuma in ta shiga sai mai gyara. In ta faɗi lensin ya cije, kyamarar gaba ɗaya ta tsaya. A babbar, lensi kawai za ka sauya.

Wanda ya karkata ga babbar ya lura da bakin da lensi ke ɗauruwa, domin da shi zai zauna shekaru. Lensin Sony E ba ya hawa Nikon Z kai tsaye, na Nikon Z ba ya hawa Canon RF. Tsoffin lensin DSLR na Canon EF da Nikon F suna hawa sabbin jikin kamfanoninsu ta hanyar adafta, wato zoben da ke haɗa tsohon lensi da sabon baki, abin da ke buɗe maka kasuwar kayan hannu mai faɗi. Tarkon shi ne jerin Canon EOS M, irin su M50. Kyamarori ne masu kyau, ana samun su da sauƙi, amma Canon ta daina ƙera su, kuma lensinsu na EF-M ba ya hawa RF ko da adafta. Duba kuma abin da aka zare don a rage kuɗi: Nikon Z30 da Sony ZV-E10 ba su da tagar leƙe, da allo kawai ake ɗauka, abin da ke ba da wahala a tsakar rana. Allon Canon EOS R100 ba ya juyawa, ba ya kuma amsa taɓawa. Mai bidiyo ya tabbatar akwai ramin makirfo, ko wacce ya zaɓa. Yawan megafiksel kuwa kada ya dame ka, 20 da 24 duk sun wadatar har ga bugawa a babbar takarda.

Hanya mafi sauƙi ta yanke hukunci tana cikin wayarka. Buɗe hotunan da ka ɗauka a shekarar nan, ka ware waɗanda suka ba ka haushi. In yawancinsu na tafiya ne da titi da haɗuwar abokai, abin da ya ɓata su kuma rashin janyowa ne ko duhu, 'yar aljihu mai sensar inci ɗaya ta ishe ka. In kuwa fuskoki ne da kake son bayansu ya dishe, ko abu mai gudu, ko kana tunanin wata rana a biya ka kuɗin ɗauka, ɗauki mai sauya lensi, kuma ka sa kuɗin lensin f/1.8 a cikin kasafin tun ranar farko, ko da hakan zai sa ka sauko zuwa jiki mai sauƙin kuɗi. In ta hannu za ka saya, haska tocila cikin lensin ka duba fumfuna, ka ɗauki farin bango da tsukakkiyar ƙofa kamar f/11 don tabon ƙura ya bayyana, sannan ka kunna ka kashe sau da yawa ka ji ko lensin yana cijewa.