Gargaɗi: Mai Sayar da Awannin Sa Ido na Bogi a Teksas

'Yan'uwa masu aikin ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa da suka shigo Amurka ba da jimawa ba, musamman na jihar Teksas, ku yi hattara da wani mutum da ke yawo a zaurukan WhatsApp yana cewa shi mai sa ido ne ga masu neman lasisi, wato ƙwararren da ke duba aikinsu yana tabbatar da awannin da suka yi.

Ya san inda ke mana ciwo. Mutum ya yi shekaru yana aiki a ƙasarsa, ya zo nan aka ce ya koma farko, ga mara lafiya na ta cewa "maimaita, ban gane ba" saboda karin harshe. Shi kuwa da daɗin baki yake farawa: shi ma baƙo ne, 'yan ƙasa ba za su fahimce ka ba, kada ka ɓata lokaci kana jiran a tantance takardun digirinka. Ka fara biyansa kowane wata, zai rubuta maka awanni, in lasisi ya fito ya mayar da kwanan wata baya.

Ƙarya ce tsagwaronta. A Teksas, kafin a ba ka cikakken lasisi, ana buƙatar awa 3,000 na aiki ƙarƙashin sa ido, 1,500 daga ciki tare da marasa lafiya kai tsaye, cikin aƙalla wata 18. Ba a fara ƙirga ko awa ɗaya sai kana riƙe da lasisin LPC Associate (lasisin farko na mai aiki ƙarƙashin sa ido), kuma mai sa idon sai hukumar ba da lasisi ta jihar, BHEC, ta amince da shi, wato ya zama mai matsayin LPC-S.

Wata abokiyar aikina ta biya shi wata bakwai ta manhajar tura kuɗi ta Zelle. Abin da ya fara ba ta mamaki, bai taɓa tambayarta yadda zamanta da wani mara lafiya ya kasance ba. Minti ashirin a Zoom, yabo kawai, wai ta fi 'yan ƙasa iyawa (wa zai ƙi jin haka a baƙuwar ƙasa?). Ranar da ta nemi lambar lasisinsa, ya ce tana zarginsa ne. Washegari ya toshe ta.

Kuɗin ma da sauƙi. Da ta miƙa wa hukuma takarda mai kwanan wata na ƙarya, sunanta ne zai ɓaci.

Kafin ka tura ko dala ɗaya, karɓi cikakken sunansa da lambar lasisinsa, ka shiga shafin hukumar BHEC ka duba da kanka. Kyauta ne. Wanda ya riga ya faɗa hannunsa ya adana hotunan hirarsu da shaidar biya, ya kai ƙara hukumar.