Stoic Week: Kwana Bakwai na Horar da Zuciya

Ƙungiyar Modern Stoicism ce ke shirya wannan horo na falsafar Stoic, tsohuwar koyarwar Girka da Rum kan mallakar zuciya, kyauta a intanet, tun 2012 da aka fara shi a Jami'ar Exeter ta Ingila. Kullum ana ɗan karatu da safe, da rana a gwada darasin, da dare kuma a yi wa kai hisabi irin na Seneca, masanin falsafar Stoic na tsohuwar Rum: ina na yi kuskure, me zan gyara gobe?

Ranar da ake koyar da rabe abin da ke hannunka da wanda ba ya hannunka, darasin Epictetus, wani tsohon malamin wannan falsafa, ita ta fi armashi. Fushi a cunkoson motoci ko kan maganar maigida a wurin aiki yana sauka.

Sai dai tambayoyin auna yanayin zuciya na farko da ƙarshen makon suna da yawa, kuma mai tsallake hisabin dare ba zai ga sauyi ba.