Gargaɗi ga masu karnukan gadi a Maradi: mai "abinci marar hatsi" ya ci mini jika 135

Jama'ar Maradi, musamman masu gidan gona da masu karen gadi, don Allah ku karanta wannan har ƙarshe. Akwai wani mutum da ke yawo cikin garin nan a kan babur da buhunan abincin kare masu ƙyalli, da hoton kyarkeci a jiki. Yana cewa daga Turai ake kawo masa su ta Lome, babu ƙwayar hatsi a ciki, kuma wai hatsi guba ne ga kare. Ɗan damfara ne. Ya ci mini jika 135, ya kusa kashe mini kare, yanzu lambobinsa duka a kashe. Jika 135, ban da kuɗin magani!

Na san wasu za su ce a kan kare ne mutum zai kashe jika 135 a wannan tsadar rayuwa. To ku ji. Ina da gidan gona a hanyar Madarunfa, da kaji masu ƙwai da ƴan awaki. Kafin in samu karen nan ɓarayi sun taɓa haura mini katanga cikin dare suka kwashe kaji, sai fuka-fukai muka tarar da safe. Tun da Duna ya zo babu wanda ya sake gwadawa. Karen gadin gona da na kiwo malamai ba su hana ba, kuma dabbar da ka ɗaure, cinta da shanta da lafiyarta suna wuyanka. Don haka mai zuwa ya yi mini dariya a ƙasan rubutun nan ya riƙe dariyarsa.

Abin ya fara ne da susa. Duna ya riƙa susa ba dare ba rana, gashin wajen gindin wutsiyarsa yana zubewa. Na sa hotonsa a wani zauren WhatsApp na masu kiwo ina neman shawara, sai mutumin nan ya biyo ni ta gefe. Ya ce shi ma mai karnuka ne, zai zo ya gani da idonsa, ba sai na biya ko dala ba.

Zuwan nan nasa shi ne abin da ke hana ni barci. Duna ba ya barin baƙo ya matso, amma mutumin nan ya tsuguna, ya miƙa masa bayan hannu ya shinshina, ya shafa wuyansa, ya buɗa gashin yana dubawa a natse. Ya tambaye ni me nake ba shi. Na ce tuwon gero, ƙanzo, kayan ciki da ƙashi daga wajen mahauta, wani lokaci kan kifi. Ya girgiza kai ya ce: "Alhaji, ai kai da hannunka kake kashe shi. Kare jikan kyarkeci ne, cikinsa bai san gero ba." Sannan ya yage bakin buhu a gabana, ya ɗebo ƴan ƙwayoyin abincin a tafin hannu, ya watsa a bakinsa. Ya tauna, ina jin ƙarar taunar, ya haɗiye. Ya dube ni ya ce: "Alhaji, abin da ba zan iya ci ba, ba zan ba dabbar Allah ba."

Ku gaya mini, wa zai ga haka bai yarda ba? Mutum ya ci abincin kare a gabanka! Yaron da ke mini aikin kaji yana tsaye, shi ma ya gani. Aka kira la'asar muka yi salla tare a kan tabarma ɗaya. Har yanzu in na rufe ido, bakin nan nake gani yana tauna.

Buhun farko jika 30, kilo 10, hannu da hannu. Wannan kam na gaske ne, har gobe haka nake gani: ƙwayoyin da tauri, da ƙanshin kifi, kare ya ci da marmari. Kuma susa ta ragu, gashi ya fara tsirowa. Shi ya sa da ya dawo ya ce kaya na hanya, in na biya tun yanzu zai ba ni buhu 4 a jika 90 maimakon 120, na tura masa. Ni ɗan kasuwa ne, na san ragi in na gan shi. Na nemi rasi ya ba ni, da hatimi. Na sa an duba hoton buhun a intanet, aka ga lalle akwai irinsa ana sayarwa a Turai. Akwai mutane cikin zauren da suka ce su ma sun saya a hannunsa. Wane bincike ne ya rage ban yi ba?

Sai jika 15 na duwan, wato kwastan. Tukuna, wannan bayan ya kawo buhu 2 daga cikin 4 ne. Ya kira da dare murya a raunane, wai an tsare sauran kayan a hanya, in ba a biya ba za su lalace a rana. Na tura. To ku haɗa da kanku: 30, da 90, da 15. Jika 135. Buhu 2 da suka rage har yau ban ga ƙeyarsu ba, kuma Allah ya taimake ni da ban gan su ba.

Na tsallake wani abu mai muhimmanci. Ranar nan ta farko, ranar da ya tauna abincin, kafin ya tafi ya ce bari ya yi wa Duna wanka kyauta, ya zuba wani farin ruwa daga ƴar kwalba cikin bokiti, wai maganin wari ne. Da na ba likitan dabbobi labari daga baya, nan take ya ce wannan maganin ƙuma da kaska ne. Ƙuma ce ke sa karen susa tun farko, shi ya sa gashin gindin wutsiya ne ya fi zubewa. Wato wankan ne ya yi aiki, abincin ya karɓi yabo. Mutumin ya san abin da yake yi tun daga tsugunnin da ya yi yana buɗa gashi. Ya ga ƙumar da idonsa, ya ɗago ya ce mini gero ne.

Da aka shiga sababbin buhunan, kare ya fara ja da baya daga kwano. Sai ya shinshina ya kau da kai, sai yunwa ta ci shi sannan ya ci. Daga nan amai, sai kwanciya, karen da ke zagaye katanga duk dare ya koma ba ya ko ɗaga kai in an taɓa ƙofa. Na kira mutumin. Ya turo mini saƙon murya, yana nan a wayata: "Alhaji kada ka damu, gubar hatsin ce ke fita daga jikinsa, ka ci gaba da ba shi, kada ka haɗa da komai." Ka ci gaba da ba shi! Da bakinsa ya faɗa, alhali ya san abin da ya zuba a buhun.

Ranar da yaron ya ɗaga leɓen Duna muka ga dasashinsa ya yi ɗorawa, farin idonsa ma haka, ranar na ɗauke shi zuwa wajen likita, na tafi da buhu ɗaya. Likitan ya ce wannan alamar hanta ce. Ya ɗebi abincin ya jiƙa a kofin gilashi muna kallo. Ruwan ya rine ya koma ja-ja saboda kalar da aka zuba, dusa ta taso sama, garin masara ya kwanta a ƙasa, ga gutsattsarin tunkuza da warin fumfuna da man kifi ya rufe. Ya juya buhun ya nuna mini gindinsa: an tsaga an sake liƙewa da injin liƙe leda, an kankare ranar lalacewa. Abincin da aka ce mini babu hatsi, dusa ce da masara da ruɓaɓɓiyar tunkuza. A Maradi, inda ake auna dusa da tiya a kowace unguwa, aka sayar mini da ita kilo 10 fiye da jika 20. Ya sa na yi wa rogo kallon kitse, kuma ba zan yafe ba.

Likitan ya yi mini bayanin cewa gyaɗa da masara in suka sha danshi suka yi fumfuna, suna haifar da wata guba da ake kira afulatoksin. Hanta take kamawa, dafuwa ba ta kashe ta, kuma kare na cikin dabbobin da take saurin kayarwa. Ko a Amurka, ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, karnuka fiye da 100 sun mutu bayan cin wani abincin kanti da aka yi da masara mai wannan guba. Ku lura, fumfunar ce matsala. Lafiyayyar masara ba ta yi wa kowa komai ba.

Abin da ya ƙara ƙona mini rai shi ne da likitan ya ce ko da buhunan duka na gaske ne, Duna ba ya bukatarsu. Ɗan ƙanena da ke karatu a jami'a ya zauna ya karanto mini abubuwan da aka rubuta a kai, sai ga shi duk maganar mutumin nan ƙarya ce tun daga tushe. Wai kare bai iya narkar da hatsi ba. A 2013 masu bincike a jami'ar Uppsala ta Suwidin sun kwatanta ƙwayoyin halittar kare da na kyarkeci, suka gano kyarkeci na da kwafi 2 na ƙwayar da ke sarrafa sinadarin narkar da sitaci, kare kuwa daga 4 har zuwa 30. Zaman dubban shekaru tare da manoma ne ya mai da cikinsa haka. Mu ma ai mun sani ba sai an gaya mana ba. Karnukan mafarautan ƙauyukanmu da me suke tashi in ba ƙanzo da guntun tuwo da tsakin fura ba? Kuma su kamo zomo a guje.

Wai hatsi ne ke sa ƙaiƙayi. Wani nazari na 2016 da ya tattara rahotannin karnukan da abinci ke tayar wa ƙaiƙayi ya nuna naman shanu ne kan gaba da kashi 34 cikin 100, sai madara 17, kaza 15, alkama 13. Wato akwai karen da alkama ba ta karɓe shi ba, amma likita ne ke gano shi ta hanyar canza abinci a hankali ana lura, ba mai babur da kallo ɗaya ba. Kuma ƙuma ta fi abinci yawan jawo susa nesa ba kusa ba.

Ga kuma wadda ta fi ba ni tsoro. A watan Yulin 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar da fara bincike kan wani ciwon zuciya da ake kira DCM a karnukan da ke cin irin wannan abinci. Ciwo ne da ke sa zuciya ta buɗe ta yi girma, namanta ya saki, ta kasa tura jini, sai tari, haki, kasala, har suma. Da ma an san shi a manyan karnuka masu gadonsa irin su Doberman, sai aka fara ganinsa a waɗanda ba su gada ba. Zuwa ƙarshen Afrilun 2019 an kai mata rahoton karnuka 560, guda 119 sun mutu, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na abincin da aka ambata marar hatsi ne. Abin da kamfanoni ke yi shi ne in sun cire shinkafa da masara sai su cike gurbin da koren wake, da adas (wani irin ƙaramin wake), da dankali, don sitacin dai dole ne a samu ƙwayar ta haɗu. Gaskiya ɗaya ce, hukumar ba ta tabbatar da cewa abincin ne ke jawo ciwon ba, a ƙarshen 2022 ma ta ce ta dakatar da fitar da sabon bayani sai an samu sabuwar hujja. Amma abin da likitocin can ke taka-tsantsan da shi, shi wani ya ɗauko yana tallarsa a nan kamar magani, da rantsuwa, bai taɓa ambata mini ko kalma ɗaya a kan zuciya ba.

Kuma ya ci a gabana. Nan nake ta komowa. Na gane yanzu daga buhun gaskiya ya ci, buhun da ya tanada don jan mutane. Ina ma ranar da ya kawo sauran na ce ya sake ɗiba ya tauna, in ga yadda fuskarsa za ta yi.

Na kai ƙara wajen ƴan sanda da rasin da buhu ɗaya. Sun ce kada in sa suna da lamba tukuna, da ma suna yake canzawa, wanda ya ba ni daban da wanda ya ba wani a zauren. Amma hotunan hirarmu, da shaidar tura jika 90 da jika 15, da saƙon muryar nan, da bidiyon kofin da aka jiƙa abincin, duk zan sa su da zarar an ba ni dama. Jika 30 na farko ne kawai ba ni da takardarsu don hannu da hannu ne, amma yarona shaida ne. Jika 135 dai, kowace dala sai mun tsaya a kanta, in ba a nan ba to a gaban Allah.

Duna yana shan magani, an yi masa ƙarin ruwa, ya fara karɓar ɗan kunu da dafaffen nama marar mai. Likita ya ce hanta na ɗaukar lokaci, sai a ci gaba da kawo shi.

Shawara: kare na susa, ku duba ƙuma da kaska, ku kai wa likitan dabbobi. Kada ku biya kuɗin kayan da ba ku gani ba. Ku juya buhu ku duba gindinsa da ranar lalacewa. Ragowar abinci mai albasa ko tafarnuwa ma ku daina ba kare, suna lalata masa jini.

Wanda ke da buhun mutumin nan a gida ya daina bayarwa yau, kuma kada ya zubar a bola, kaji da awakin unguwa za su ci. Ya ɗaure bakinsa ya ajiye, ya yi mini magana ta saƙo mu haɗa da nawa mu kai. In karenka ya riga ya ci, ka ɗaga leɓensa ka duba dasashin, in ya fara ɗorawa kada ka jira gobe.