Kwas ɗin tuƙin kariya a Damagaram: darasi mai amfani, rangwamen inshora kuma babu tabbas

Wata makarantar koyon tuƙi a nan Damagaram ta buɗe gajeren kwas na musamman domin waɗanda suka riga suka mallaki permi, inda ake koya wa direba yadda zai hango haɗari tun daga nesa ya kauce masa, ko da kuwa laifin na wani ne. A tallarsu sun ce takardar shaidar da suke bayarwa za ta taimaka wajen samun rangwamen kuɗin inshorar mota. Na halarci kwas ɗin, kuma na gamsu da koyarwar, amma maganar rangwamen ba ta tsaya da ƙafarta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne malamin bai ɓata lokaci kan maimaita alamomin hanya ba, ya shiga lissafin da yawancinmu ba mu taɓa yi ba. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa, saboda haka kafin ƙafar direba ta sauka kan birki ta riga ta yi tafiya mai nisa, kuma idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya yakan ninka sau huɗu. Daga nan ya koya mana barin tazarar aƙalla daƙiƙa uku tsakaninmu da motar da ke gaba, tare da ƙara ta idan hazo ya sauka ko rairayi ya hau kwalta. Misalansa duk daga hanyoyinmu ya ɗauko su: tankokin mai da ke fitowa daga matatar SORAZ a hanyar Tanut, amalanken shanu da ke tafiya da dare ba fitila a hanyar Mirriya, da cunkoson 'yan kabu-kabu a kewayen Kasuwar Dole ranar Alhamis. Bayaninsa kan wuce babbar mota, musamman wuraren da direbanta ba ya iya ganin kowa ta madubi, ya isa dalilin zuwa ga duk mai yawan bin hanyar Maradi.

Inda aka gaza shi ne ɓangaren aiki da mota. Mota ɗaya ce ga dukan ɗalibai, lokacin da kowa ya samu a bayan sitiyari kaɗan ne, kuma ba a fita da mu da dare ba, alhali tuƙin dare ne ya fi ba direbobinmu wahala.

Game da inshora, Nijar tana cikin ƙasashen da ke bin dokar CIMA, wato dokar inshora ta bai ɗaya ta wasu ƙasashen Afirka, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kuma dokar ta wajabta wa kowane mai mota inshorar da za ta biya diyyar ɓarnar da ya yi wa wasu. Da na kai takardar shaidar wurin wakilin da nake sabunta inshorata, ya karɓe ni da mutunci, ya ce: "Malam, wannan takarda ba ta cikin abubuwan da muke lissafi da su." Ya bayyana cewa abin da suke dubawa shi ne ƙarfin injin, irin aikin da ake yi da motar, da tarihin haɗarin mai ita. Tsarin da makarantar ke nuni da shi yana nan a wasu wurare. A jihar New York ta Amurka, alal misali, wanda ya kammala kwas da hukuma ta amince da shi yana samun ragin kashi 10 cikin ɗari na tsawon shekara 3. Amma can doka ce ta tilasta wa kamfanoni, makarantarmu kuwa ba ta nuna mana wata yarjejeniya da ta ƙulla da kowane kamfani ba, kuma bai dace a jawo mutane da alkawarin da ba a hannunta yake ba.

Ina ba direbobin haya da masu tafiyar nesa shawarar su yi kwas ɗin saboda ilimin da ke cikinsa. Wanda kuwa rangwamen ne ya ja hankalinsa, ya fara zuwa wurin kamfanin inshorarsa ya nemi amsa a rubuce kafin ya biya kuɗin rajista.