Tsohon dish ɗin kati da risiba ta kyauta: abin da yake yi da abin da ba ya yi

A ƙauyukan Gezawa, Ringim da Jahun, gidaje da yawa suna da dish a kafe, dikoda kuwa tana cikin akwati tun da kuɗin kati ya gagara. Mun mayar da irin waɗannan zuwa kallon kyauta, kuma hukuncinmu shi ne aikin ya ci kuɗinsa, in dai ba ƙwallon Ingila kake nema ba.

Farantin ƙarfe ne kawai, ba shi da kati, bai san kamfani ba. Tattara sigina yake ya jefa wa LNB, wato kan nan da ke bakin sanda. Dikodar ce a kulle. Don haka faranti da sanda da waya duk suna nan daram, abin saye ɗaya ne, risiba ta kyauta. A Sabon Gari ta Kano akwai su iri-iri, Strong ce aka fi sani. Ka duba kwalin da idonka: lallai a ga DVB-S2, in da H.265 ya fi. Tsohuwar risiba mai MPEG-2 kaɗai, ko bashi aka ba ka kada ka ɗauka, za ta kamo sunan tasha amma hoto ba zai fito ba. Ga wanda ke da sola, a zaɓi mai cin wuta 12V, tana hawa batir kai tsaye ba sai da inbata ba. Eriyar GOtv kuma ba ta cikin wannan magana, ita daga turken ƙasa take kamawa.

Inda mutane suka fi faɗuwa shi ne saiti. Dish ɗin DStv yana kallon tauraron ɗan'adam na Eutelsat da ke digiri 36 gabas, kuma kusan duk abin da ke can a kulle yake. Wanda ya jona sabuwar risiba bai juya faranti ba zai ga jerin tashoshi masu alamar dala, wato a kulle suke, ya ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba, alƙibla ce bai sauya ba. Masu son Hausa sukan koma Eutelsat 16A, digiri 16 gabas, inda aka saba kama Arewa24. Astra na digiri 28.2 yana ɗauke da tashoshin Gana irin su Adom TV da Joy Prime. Daga ƙasar Kano, tsayin tauraron 36 a sararin sama kimanin digiri 55 ne, na 28.2 kimanin 63, na 16 kuwa ya kai 73, kusan tsakar ka. Ma'ana, daga 36 zuwa 16 za ka tsaya a bayan faranti, ka juya shi dama wajen kudu, ka kuma ɗaga fuskarsa sosai. A nan ne dish ɗin da aka manna a bango yake ba da wahala, bayansa ya tokari katanga ko indararo ya tare shi.

Kayan aiki ba su da yawa: sufana 10 da 13, filaya, salatif na wuta, da kawunan waya sababbi guda biyu. A fito da talabijin tsakar gida kusa da dish, don ihun "ya kawo, ya ɗauke" daga ɗaki ɓata lokaci ne. A cikin risiba a sa LNB a kan 9750/10600. Layi biyu ne za su fito a allo. Na Signal yakan cika ko da dish na kallon rumbu, abin da yake nunawa kawai shi ne waya ta haɗu. Na Quality shi ne gaskiya. A sassauta noti kaɗan, a motsa faranti kamar faɗin yatsa, a dakata daƙiƙa biyu ko uku, domin risiba ba ta amsawa nan take. In layin Quality ya tashi, a murza LNB a cikin zobensa hagu da dama har layin ya kai ƙarshen ƙarfinsa. Wannan murzawar ce masu gaggawa suke tsallakewa, shi ya sa rabin tashoshi ke ɓata. Sannan a ɗaure notina bi da bi ana kallon allo, a yi Blind Scan, wato binciken tashoshi, a zaɓi FTA kaɗai, wato na kyauta.

Girman faranti ba a yi masa dabara. Mai santimita 60 yana kamawa da rani, amma hadarin Agusta na haɗuwa hoto zai fara kakkaryewa. Mai 90 ya fi juriya nesa ba kusa ba. Nilesat da Badr, inda tashoshin Larabawa da na Harami suke, sun fi ƙarfin ƙaramin dish a nan, sai babba.

Yawancin lalacewa daga waya take. Risiba na tura wuta 13V ko 18V zuwa LNB ta cikinta, saboda haka silin ragar waya ɗaya ya taɓa jan ƙarfen tsakiya, sai komai ya ɗauke, wani lokaci har risibar ta ƙone. A kashe wuta kafin a taɓa kan waya. Tsohuwar wayar da ta sha ruwa, tsakiyarta ya yi kore, a sauya ta da RG6 guda ɗaya ba haɗi, a ɗaga ta sama inda akuya ba za ta kai ba. Murfin LNB in ya tsage saboda rana, ruwa da ƙwari na shiga, sabo ya fi gyara sauƙi. Katangar ƙasa ba ta riƙe kusa, iskar farkon damina ɗaya ta isa ta kautar da saiti. A haƙa rami, a dasa bututun ƙarfe da siminti, a tabbata ya miƙe sak, kuma ba reshen darbejiya a gabansa. In ana tsawa a cire wayar dish daga risiba.

Aibin tsarin shi ne tashoshin kyauta ba su da alƙawari: suna sauya lamba ko su ƙaura wani tauraron ba sallama, sai an sake bincike. Mai saitin da ya ce zai sa maka manhajar buɗe ƙwallo har abada kuwa, kuɗin aikin juya faranti kawai za ka biya shi.