The Giant Joshua ko Riders of the Purple Sage: wanne ya yi wa matan Mormon adalci?

Wa alaikumus salam, Anti. Kin tambaye ni wanne za ki saya cikin littattafan nan biyu, wato wanne ya fi yi wa matan Mormon adalci. Cikin biyun da kika kawo, ki sayi The Giant Joshua na Maurine Whipple, ki ƙyale Riders of the Purple Sage na Zane Grey. Duka biyun ina da su, na kuma karanta su har ƙarshe. In dai batun gaskiyar tarihi ne da adalci kan auren mata da yawa da 'yan Mormon, mabiya wani coci da aka kafa a Amurka, suka yi, ba su kama ƙafar juna ba.

Abin da ya sa kwatanta su ke da sauƙi shi ne ƙasa ɗaya suke magana a kai, kudancin Utah a Amurka, kuma kusan zamani ɗaya. Grey ya ɗora labarinsa a 1871, a wani ƙauye da ya ƙirƙira ya sa masa suna Cottonwoods, littafin ya fito a 1912. Na Whipple ya fito a 1941, ya kuma fara ne daga 1861, shekarar da Brigham Young, shugaban cocin, ya tura iyalai kimanin 300 kudu su noma auduga, saboda yaƙin basasar Amurka ya tsinke hanyar samunta. Su ne suka kafa garin St. George. A garin aka haifi Whipple a 1903, kakarta ta wajen uwa kuma ta zauna da kishiyoyi. Ta taso a gaban tsofaffin da abin ya faru a kansu, ta ji daga bakinsu. Grey likitan haƙori ne ɗan Ohio, ya je yankin yawon farauta da buɗe ido, ya ga duwatsu da dawakai, ya koma ya rubuta.

Nawa kwafin na littafin Whipple tsoho ne, wani ɗan'uwanmu da ke karatu can ya samo mini a hannun masu sayar da littattafan da aka riga aka karanta. Lokacin da nake cikinsa, Goggona ta zo jinya gidanmu. Ita ce ta tsakiya cikin mata uku, ta kuma tsufa a ɗakinta. Bayan sallar isha sai in riƙa fassara mata abin da na karanta. Ba ta taɓa jin sunan Utah ba, amma nan da nan ta gane gidan Abijah MacIntyre: uwargida Bathsheba mai riƙe da komai da kowa, ta tsakiya Willie mai haƙurin da ba a jin muryarta, sai amarya Clory, yarinya 'yar shekara 17 da ya riƙa a gidansa kafin ya aure ta. Goggo ta ɗauki Willie tata. Wani dare ta dakatar da ni ta ce, "Wadda ta rubuta wannan, ko ta zauna da kishiya ko uwarta ta zauna." Na ce mata kakarta ce. Ta gyaɗa kai ta ce in ci gaba.

Dalilin da ya sa ta faɗi haka shi ne dalilin da ya sa nake ce miki ki saye shi. Whipple ba ta mai da gidan filin yaƙi ba, ba ta kuma mai da shi aljanna ba. Akwai kishi mai cin rai, akwai habaici, akwai mijin da ke fakewa da addini ya rufe son zuciyarsa. Amma matan nan su ne ke karɓar haihuwar juna, su yi jinyar juna, su riƙe 'ya'yan juna in ɗaya ta faɗi. Kogin Virgin yana cinye madatsar ruwan da suka gina, su sake ginawa, ya sake cinyewa. Yunwa na nan, annoba na kwashe yara, miji na tafiya wa'azi ƙasar waje ya bar su shekaru da gona da marasa lafiya. Kuma duk da haka za ki ga mutanen sun yi imani da abin da suke yi da gaske, har suka gina haikalin St. George da aka buɗe a 1877, wanda shi ne na farko da suka kammala a Utah. Marubuciyar ba ta yi wa imaninsu dariya ba, ba ta kuma ɓoye abin da ya ci wa matan ba. Wannan tsayuwa a tsakiya ta jawo mata sanyin fuska daga mutanen garinsu, wasu manyan cocin ma suka soki littafin, alhali a wajen Utah ana ta yaba shi.

Na Grey kuwa, iyakar abin da zan ce a yabonsa shi ne ya iya siffanta dutse da gudun doki. Jane Withersteen mace ce mai dukiya da ta gaji garke da gonaki, dattijon coci Tull yana so ya ƙara da ita cikin matansa don ya mallake dukiyar, sai ga Lassiter, ɗan bindiga mai baƙaƙen kaya, ya zo neman wanda ya sace ƙanwarsa. Shi ke nan. Manyan cocin mugaye ne masu aiki a ɓoye, matan kuma ko an rufe musu ido ko an sa su leƙen asiri. Sau ɗaya Grey ya leƙa gidan mai mata huɗu, bai zauna ba ya wuce. Ba za ki fito daga littafin kin san yadda ake raba kwana ba, ko wa ke riƙe da rumbu, ko abin da uwargida ta ji ranar da aka kawo amarya.

Ba na cewa duk abin da ya faɗa ƙage ne. An zubar da jini a kudancin Utah. A watan Satumba na 1857, a Mountain Meadows, mayaƙan sa-kai na 'yan Mormon sun kashe matafiya kusan 120 da ke kan hanyar Kalifoniya, ƙananan yara kaɗai suka bari, kuma mutum ɗaya tak, John D. Lee, aka zartar wa hukuncin kisa, shi ma sai a 1877. Matsin lamba kan 'yan mata su yarda da aure shi ma ya faru. Tun zamanin Joseph Smith, wanda ya kafa cocin aka kuma kashe shi a 1844, akwai yarinya 'yar shekara 14, Helen Mar Kimball, cikin waɗanda aka ɗaura masa, matarsa ta fari Emma kuwa ta sha ɗacin abin ta kuma yi adawa da shi. Duk littafin da ya tsallake waɗannan don ya wanke coci shi ma ya yi rashin adalci, kuma akwai irinsu da yawa a kasuwa. Laifin Grey shi ne ya ɗauki ɓangare ɗaya ya ce shi ne duka.

Ga abin da ba za ki taɓa zato ba in nasa kaɗai kika karanta. A 1870, shekara ɗaya kafin lokacin labarinsa, matan Utah suka sami 'yancin jefa ƙuri'a, shekara 50 kafin a tabbatar wa matan Amurka baki ɗaya. A watan Janairun shekarar dubban matan Mormon suka yi taro a birnin Salt Lake suna adawa da wata doka da majalisar Amurka ke shirin yi wa aurensu. Mutum na iya cewa an tura su ne, amma dole ya ambaci taron tukuna. Saki bai yi wa mace wuya a wajensu ba, Brigham Young da kansa ya amince da rabuwar aure fiye da 1,600. Yawancin mazan da suka ƙara aure mata biyu suke da su, kuma a wajen 1870 kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari ne na jama'ar ke zaune a irin waɗannan gidaje. Martha Hughes Cannon, likita ce kuma mata ta huɗu a gidan mijinta, ta tsaya takara a 1896 ta zama mace ta farko da ta shiga majalisar dattawan wata jiha a Amurka, mijin nata na cikin waɗanda suka faɗi a zaɓen. Irin wannan mace ba ta da wurin zama a Cottonwoods.

Amma Anti, kada sanin da muka yi wa zaman kishi ya sa mu ɗauka aurensu irin namu ne. Goggo ma ta tsaya a nan. Ba su da iyakar huɗu, Brigham Young ya auri mata fiye da 50. Sukan haɗa ya da ƙanwa a gidan miji ɗaya. An kuma koyar da abin a matsayin hanyar kaiwa matsayi mafi girma a lahira, bisa abin da Joseph Smith ya kira wahayi aka rubuta a 1843, aka bayyana wa duniya a 1852. Wannan nauyin aƙida shi ne ya danne Clory, kuma Whipple ta nuna shi sarai. Ta kai labarin har shekarun da gwamnati ta taso musu bayan dokar Edmunds ta 1882, wadda ta tanadi hukunci kan auren mata fiye da ɗaya, aka ɗaure maza fiye da 1,000, mata masu ciki suka riƙa ɓuya don kada a kai su kotu shaida kan mazajensu. Shugaban cocin Wilford Woodruff ya sanar da dainawa a 1890, Utah ta zama jiha a 1896, aka sake tsaurara hanin a 1904.

Littafin yana da nasa rauni. Ya haura shafi 600, tsakiyarsa na da jan jiki, Turancinsa kuma na mutanen da ne, sai kin yi haƙuri da shi. Ƙabilar Paiute da aka tarar a ƙasar kuwa, da idon baƙin da suka zo aka kalle su, ba da nasu ba. St. George na cikin garuruwan da auren ya fi yawa, don haka kada ki auna duk Utah da shi. Kuma ƙagaggen labari ne: Erastus Snow da ke jagorantar garin mutum ne na gaske, Clory da Abijah kuwa ƙirƙira ce, don haka in rubutu za ki yi a kai, ki tabbatar da kowace shekara a littafin tarihi.

Sai batun masu sayarwa, ko da ba ki tambaya ba. Littafin Grey ya daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, yana nan kyauta a shafin intanet na Project Gutenberg. In har kina son ganinsa, ki karanta a can, kada ki ba kowa kuɗinki. Wasu na buga shi da ƙananan haruffa, su yanke babi, su sa masa bango mai sheƙi su ce labarin gaskiya ne. Na Whipple ya fi wuyar samu, nan ne ake cutar. Za a ce miki akwai, ki tura kuɗi, a aiko miki da taƙaitawa mai shafi 40 ko fayil ɗin da ya tsaya a rabi. Wasu kuma in suka ji kin ambaci Mormon sai su tura miki littattafai kan Warren Jeffs, shugaban wata ƙungiya mai auren mata da yawa, wanda kotun Texas ta ɗaure a 2011, alhali ƙungiyarsa ɓallewa ta yi, ba ita ce babbar cocin ba, kuma zamanin ma daban ne. Ki ce a ɗauko miki hoton bango da shafin da ke ɗauke da shekarar bugu da shafin ƙarshe, ki ga lambar ta wuce 600, kuma kada ki biya sai littafin ya shigo hannunki.