Tattara Sabbin Bayanai ko Ɗauko na Ma'ajiya?

Masu binciken zamantakewa sun sha tambayata: su fita su tattara bayanai, ko su ɗauko waɗanda aka adana?

Wajen kuɗi, ma'ajiya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. ICPSR, wata ma'ajiyar bayanan binciken zamantakewa da ke Jami'ar Michigan, tana adana bayanai tun 1962, don haka za ka iya bin sauyin ra'ayin jama'a shekara da shekaru. Sai dai tambayoyin wani ne, abin da bai tambaya ba kuwa ba za ka samu ba. Mai fita shi ke tsara tambayarsa, amma neman yardar mutane da sakaya sunayensu na wuyansa.

Mai ƙaramin ƙarfi da ke kwatanta jiya da yau, ma'ajiya ta ishe shi. Wanda batunsa sabo ne fil, fita ta kama shi.